Waƙar Kwaɗo Mai Lema

Ba mu yi minti biyu muna kiɗa ba matar ta ɗaga hannu. Ni na fara gani, na tsaya. Gwangwani ya ƙara dukan ganguna biyu ko uku kafin ya ankara. Yaya kuwa ya lumshe ido yana ta sa gitarsa kuka shi kaɗai, sai da na je na zare wayarta daga sifika.

"Ku yi haƙuri," in ji matar. "Yaushe za ku fara waƙar?"

Mu uku ne a ƙungiyar. Ni aikina ɗibar jini a ɗakin gwaji na asibiti, in na tashi da yamma kuma in rataya gita mai kaurin murya. Yayana malamin koyar da tuƙi ne, shi ke da babbar gita da babban kai. Gwangwani abokinsa ne, mai gyaran firji, kuma duk wanda ya ji yadda yake dukan ganguna ba ya tambayar inda ya samo sunan. Muna ɗaukar kiɗan gem ɗin talabijin na da, irin mai tsit-tsit ɗin nan, mu mayar da shi kiɗan rok, da gita mai kururuwa da ganguna masu girgiza ƙirji. A sito na bayan makarantar tuƙi muke atisaye, tsakanin tsofaffin tayoyi, mun manne bango da kwalin ƙwai don kada maƙwabta su tsine mana.

Sau ɗaya a shekara masu son irin wannan kiɗa suke kama babban zaure, su zaɓi ƙungiya goma, kowace ta yi waƙa ɗaya. Shekara uku muna nema, bana aka kira mu gwaji ranar Alhamis, taron kuma Asabar. Matar da ta ɗaga hannu ita ke zaɓa.

Waƙar da Yaya ya ajiye don wannan rana daga wani gem take da Babanmu ya kawo mana muna yara. Takardar jikin kaset ɗin ta ɓare tun kafin ya zo hannunmu, rubutun da ke fitowa a talabijin kuma ba wanda ya iya karanta shi, sai muka raɗa masa Kwaɗo Mai Lema. A mataki na huɗu kwaɗon yana shiga ƙarƙashin ruwa, sai wani kiɗa mai kauri ya fara tafiya a hankali, dum, dum-dum, dum. Wannan kiɗa ya sa Yaya ya koyi gita. Shekara guda ya yi yana tsara shi, kuma ya kafa mana doka: ba mai zuwa intanet ya ji yadda wasu suka yi, kada su ɓata mana kunne. Ni ban ja da shi ba, don abin da ka sani kamar yunwar cikinka ba ka zuwa neman sa a waje. Gwangwani kuwa bai taɓa riƙe gem a rayuwarsa ba.

"Wannan ita ce waƙar," in ji Yaya.

Matar ta duba takardarmu. "Kwaɗon nan mai lema, mataki na huɗu, ko? Ai da na ga kun rubuta shi har tsalle na yi, kowa a zauren nan ya haddace ta. Amma abin da kuka yi amshi ne kawai. Ina mai waƙar?"

"Wane amshi? Baiwar Allah, shekara ashirin da biyu ina jin kiɗan nan."

Ba ta yi musu ba. Ta latsa wayarta, ta kanga ta a bakin makirufo.

Namu ne ya fara fitowa, dum, dum-dum, dum, har Yaya ya buɗe hannu yana kallon Gwangwani, wato ka ji ko. Sai wata siririyar murya ta hau kansa. Ta hau, ta sauko, ta yi lanƙwasa, ta sake hawa. Duk wuraren da Yaya yakan ce wanda ya tsara kiɗan gwani ne, ya san a ƙarƙashin ruwa ba a ihu shi ya sa ya bar shiru, ashe ba shiru ba ne, wuri aka bar wa wannan murya. Bakin Yaya ya kasa rufuwa.

Ni kuma na zauna a kan sifika. Na san muryar nan. Ban taɓa jin ta daga inji ba, amma na san inda za ta juya tun kafin ta juya. Waƙar Mama ce. Ita take yi da hanci daga kan gadonta, ƙofar ɗakinta a buɗe, mu muna falo muna gem, a shekarar da ta yi tana jinya. Ina da shekara tara ta rasu, kuma tun daga lokacin na ɗauka waƙar tata ce ita kaɗai, ta tafi da abarta.

"Kiɗanku yana da kyau, ban raina ba," in ji matar. "Amma ba zan tsayar da ku gaban mutum ɗari huɗu ku yi musu rabin waƙa ba. Ku sa muryar sama kafin Asabar, wurinku yana nan. In ba haka ba akwai masu jira."

A motar koyon tuƙi muka fito, Yaya yana ja. Mutumin da yake wuni yana yi wa ɗalibai tsawa a kan sigina, ranar sau uku ya sha kwana bai kunna ko sau ɗaya ba.

"Na bogi ne nata," in ji shi. "Wani ne ya ƙara."

"Yaya, ba ka gane ta ba?"

"Na gane me?"

"Waƙar Mama ce."

Ya taka birki har faifan gangunan Gwangwani suka zube a baya. Ya juya motar a inda shi da kansa yake koya wa mutane cewa ba a juyawa, muka nufi shagon Baba.

Shagon Baba wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, talabijin matattu jibge har rufi, gwangwanayen madara cike da noti, ga ƙaurin dalma da ya kama bango. Ya sunkuya a kan wata rediyo, gilashin ƙara girma ɗaure a goshi. Gwangwani ya ce zai tsaya gadin mota, ya kyauta.

"Lafiya kuka faɗo mini kamar 'yan kwana-kwana?" in ji Baba.

Yaya ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da injin gem ɗinmu, wanda har yau yake aiki, don a nan yake zuwa ya saurara in yana tsara kiɗan. Ya dire shi a kan teburi.

"Baba, injin nan lafiyarsa ƙalau?"

Baba ya dubi injin, ya dube mu, ya ture gilashin sama. Na zaci zai ce bai gane tambayar ba. Sai ya jawo sukundireba ya kwance noti shida, ya ɗaga murfin, ya nuna wani ɗan abu mai ƙafa biyu da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ƙafa ɗaya a datse take, an lanƙwasa ta sama.

"Sauti hanya biyu yake fitowa a injin nan," in ji shi. "Mai kauri ta nan, siriri ta nan. Ni na datse siririn."

"Kai ka datse?" Na ji muryata ta fi ƙarfin shagon. "Baba, da hannunka? Shekara ashirin da biyu kana kallon bawan Allahn nan yana zuwa yana kasa kunne a kan rabin kiɗa, ba ka ce uffan ba?"

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba. Yau an mayar da mu abin dariya."

"To tsaya, amma ki rage murya."

Ya ce wani ne ya kawo injin gyara bai sake waiwayarsa ba. Da ya gyara sai ya kai gida da rana, muna makaranta, ya jona a falo don ya gwada. A lokacin ciwon kan Mama ya yi nisa, ko cokali ya faɗi sai ta dafe kai. Amma ta fito tana bin bango, ta zauna tana kallonsa yana jefa kwaɗon a rami, tana dariya. Da ƙyar ya kai mataki na huɗu. Sau uku kiɗan ya zagaya, ta ce kai wannan da daɗi yake, sannan ta tashi da sauri ta yi amai a bakin ƙofa. Siririn sautin ne yake shiga mata kai kamar allura.

"Na ce shi ke nan, zan mayar shago. Ta ce a'a. Ta ce yaran nan shekara guda ke nan ba abin da suke ji sai ku yi shiru, ku yi shiru, ka bar musu abu ɗaya mai ƙara. Na ce to sai dai in datse na saman, amma waƙar za ta zama gurguwa. Ta ce datse, ni zan riƙa yi musu."

Na zauna a kan wata talabijin.

"Sau uku kawai ta ji?" na tambaya.

"Uwarku in abu ya shiga kunnenta sau ɗaya ya samu gida."

"To me ya hana ka faɗa mana daga baya?"

"Da farko ita ta hana, kada ku san ciwon ya kai haka. Bayan nan kuma..." Ya juya sukundireba a hannunsa. "Kullum sai in ce gobe."

Yaya tun da aka buɗe injin bai motsa ba. Yanzu ya yi magana, kuma ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Na ce mata ta yi shiru."

Muka dube shi.

"Ina gab da cinye matakin, tana ta yi. Na ɗaga murya na ce, Mama don Allah ki daina, kina ɓata mana kiɗa, kina sa ina faɗuwa. Ta daina. Ban sake jin ta yi ba." Ya dafe bakin teburin. "Baba, ashe kiɗan take yi."

Tausayinsa ya kama ni har fushina ya bi iska. Ƙato mai shekara talatin da huɗu, mai gemu, yana tsaye a gaban buɗaɗɗen inji.

"Na ji ka ranar, ina tsakar gida," in ji Baba. "Da na shiga ɗaki dariya na tarar tana yi, ta ce ɗanka ya kore ni daga aiki. Ba don kai ta daina ba. Numfashi ne ya ƙare mata, a satin muka koma asibiti." Ya ɗauko ƙarfen dalma da ke zafi a gefe. "Minti biyu ne in liƙa ƙafar nan. Ku ji ta cikakkiya."

Yaya ya riƙe masa hannu. "Bar shi haka. Auta, ke kina tuna yadda take yi?"

Na share hanci, na fara da hanci kamar yadda take yi. Na hau, na sauko, na yi lanƙwasar, na sake hawa har can ƙololuwa, yadda na ji a wayar matar.

"A'a," in ji Baba. "Nan ba ta kaiwa. In ta zo hawa na biyu sai ta tsaya ta ja numfashi, ta bar sauti huɗun nan na sama su wuce, ta tare waƙar a gangara."

Yaya ya ɗauki biro a kan teburin, ya rubuta a bayan hannunsa.

Ranar Juma'a muka wuni a sito. Kiɗa mai kaurin da Yaya yake yi a da ya dawo hannuna, shi ya ɗauki muryar sama. Gwangwani ya ce wurin nan da muke bari fayau matar za ta ce mantuwa ce. Yaya ya ce ta ce.

Asabar da la'asar zauren ya cika, mu ne na bakwai. Baba yana layin gaba da audugarsa a kunne, don ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a daki waƙa kamar ta yi sata ba. Na fara, dum, dum-dum, dum, Gwangwani ya shigo, mutane suka gane tun kafin a je ko'ina, suka ɗau ihu. Gitar Yaya ta hau kai. Ta hau, ta sauko, ta yi lanƙwasa, ta kama hawa na biyu. Daidai wurin ya ɗage hannu daga gitar, ni da Gwangwani muka tsaya cak.

Mun shirya shiru ne na numfashi ɗaya. Ba wanda ya faɗa mana abin da mutum ɗari huɗu da suka haddace waƙa suke yi in an bar musu gurbi. Zauren gaba ɗaya ya ɗauka, maza da mata, suka kai sauti huɗun nan har sama, ba gita ba ganga. Yaya ya tsaya da hannu a sama, ya manta da gangarar, su kuwa ba su jira shi ba, suka gangara da ita da kansu. Sai da na zungure shi da kan gitata sannan ya bi su.

Baba ya zare audugar. Ya miƙe tsaye, ya ba mu baya, yana bin fuskokin mutanen da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya da ya sani a cikinsu. Har muka gama bai juyo ba.