Kofin Gahawa a Kan Bututu

Sau uku walda tana tsagewa a bututun inji na biyu, a tashar gas da ke cikin dajin roba na Prabumulih. Injin mai fistin ne, bugu-bugu yake tura gas kamar ana daka, bututun kuwa sai rawa. Oga Hutapea ya rantse ba mai tafiya hutu sai rawar nan ta tsaya.

Darwis makaniki shi abin ya fi ƙona wa rai. Wata bakwai rabonsa da garinsu Payakumbuh, ga mahaifinsa kwance ba lafiya. Kewar tsohon ta hana shi sakat. Shi ya koya masa aikin nan, kafin rawar hannu ta raba shi da sifana.

Ƙanwarsa Yusnidar ta bugo waya. "Yaya, Baba ko kunun shinkafa ya daina sha. Mota ta tsaya a ƙofa sai ya ce kai ne."

Injiniyoyi suka dinga ƙara wa bututun maɗauri. A ɗaure nan, rawa ta koma can. An bar jaki ana dukan taiki.

Darwis ya cika kofin gilashi da gahawa, yadda Baba yake yi. Ya bi bututun taku-taku yana ɗora shi.

"Kai Darwis, rumfar shayi ka buɗe mana?" in ji Hutapea.

"Oga, ciwon a ciki yake. Gas ɗin ne ke bugawa ya dawo. Ko sarƙa ka sa ba zai ji ba."

Kusa da tulun da ke kwantar da bugun gas, gahawar ta yi tsalle ta jiƙa masa riga. Nan ya ce a kashe inji, a kwance mahaɗar, a cusa farantin ƙarfe mai huda a tsakiya. Kwana biyu aka yi ana lissafin faɗin hudar. Da aka tayar da injin, ko gezau gahawar ba ta yi ba.

"Tafi, ɗan banza, ka gaida tsoho!" in ji Hutapea.

Awa ashirin ya yi a bas, yana ta shirya yadda zai ba Baba labarin kofin.

Tun daga bakin layi ya hango takalma jibge a ƙofar gida. Yusnidar ta ce shi suke jira a yi wa gawar Baba wanka, tun hantsi.

Darwis ya durƙusa ya kama hannun da ya shekara goma yana rawa. Hannun ya kwanta lif. Ya daɗe yana riƙe da shi, ko zai ji ɗan motsi.