Riɗin Mudi da Kuɗin Hajjin Inna Batulu

Da sunan Wanda yake yalwata arziki ga wanda Ya so, yake ƙuntata shi ga wanda Ya so, kuma a cikin duka biyun akwai jarrabawa.

A wata shekara da aikin hajji ya faɗo jim kaɗan bayan kaka, akwai wani manomi a ƙauyen Arzika, tafiyar sa'a guda a kan jaki daga Hawata, ana ce masa Mudi ɗan Cindo. Faddan ashirin, wato kusan eka ashirin, ya gada na baƙar ƙasa, ya shuke su duka da riɗi. Damina ta yi albarka, har masu wucewa sukan tsaya su ce ma sha Allah.

Ran wata Litinin, bayan sallar asuba, Mudi ya shiga gonar ya tarar ganye ya yi rawaya, ya soma zuba. Ya kama kwanso ɗaya na can ƙasa, bai ko matsa ba sai ya ji ya tsage a tafin hannunsa. Duk wanda ya noma riɗi a ƙasar Gadarif ya san ma'anar wannan. Dawa takan jira mai ita har wata guda, amma riɗi ba ya jira. Idan ba a yanke shi cikin kwana huɗu ko biyar ba, sai kwansuna su buɗe, ƙwaya ta zube cikin tsagar ƙasa inda ba mai isa gare ta sai tururuwa. Gayya kuwa ba ta yiwuwa, domin riɗin kowa a mako ɗaya yake nuna.

Bai koma gida karyawa ba, ya hau jaki sai Hawata. A gindin wata bishiya kusa da tashar jirgin ƙasa ya sami 'yan ƙodago zaune da laujensu, da wakilinsu, wani dogo mai suna Husaini.

"Faddan ashirin, mutum goma sha biyar, kwana uku," in ji Husaini. "Jine ɗari da ashirin, har da garinsu da busasshen kifinsu. Kuma a hannu, ya hajji, ba a baki ba."

"Ka yi mini haƙuri zuwa gobe."

"Gobe? Da la'asar lori zai zo ya kwashe mu zuwa wata babbar gona. Wanda ya riga kawo kuɗi shi ne ubangidanmu. Halas, magana ta ƙare."

Jine bakwai ne kaɗai a aljihun Mudi, wato fam bakwai na kuɗin ƙasar. Ƙafarsa ta kai shi inda ƙafar kowane manomi take kai shi a irin wannan rana, wato kantin Harisu, ɗan kasuwar da yake ba da shel. Shel kuwa shi ne a ba ka kuɗi yau, ka biya da amfanin gona bayan girbi, a kan farashin da mai kuɗi ya yanka.

Harisu ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo shayi. "Ɗan'uwa, ai tun da na hango jakinka na san riɗi ya kira. Nawa?"

"Ɗari da ashirin."

"Tayyib, madalla. Buhu a jine biyar. Buhu ashirin da huɗu ke nan."

"Biyar? Bara a sha biyu aka sayar a kasuwar Gadarif."

"To ka kai Gadarif yau mana, a ba ka sha biyu." Harisu ya yi dariya, ya jawo takarda. "Ni ba riba nake ci ba, Allah Ya kiyaye. Saye nake, kana sayarwa. Sai dai za a rubuta gonar jingina, ko da buhunan za su kasa. Al'ada ce kawai."

Mudi ya auna a zuci. Iyakar abin da gonar za ta ba shi buhu talatin ne, in an yi sa'a. Ya san kuma labarin Gado, maƙwabcinsa, wanda buhu uku suka kasa masa shekaru biyu da suka wuce, yau ga shi yana ƙodago a gonar da ubansa ya sare da hannunsa.

"Bari in yi shawara," in ji Mudi.

"Yi shawararka. Takarda ba ta tsagewa da kanta, riɗi ne yake tsagewa."

Rana ta take tsaka lokacin da ya iso ƙauye. Ya zarce zauren Malam Sharu, limamin garin, wanda sanduƙin jama'a yake hannunsa. Wannan sanduƙi iyaye ne suka kafa shi. Gida arba'in sukan zuba abin da ya sauƙaƙa bayan kaka, a ranta wa mai bukata ba tare da ƙarin ko allura ba, sa'an nan kowace shekara a ware kuɗin hajjin dattijo ɗaya bisa layi, domin a cika niyyar da ta fito da kakanni daga ƙasar Hausa.

Malam ya saurare shi har ya gama, yana jan tasbaha.

"Mudi, da lokacin shuka ka zo, da na ba ka. Kuɗin rance duk suna hannun mutane, ba za su dawo ba sai an sayar da amfani. Abin da ya rage jine ɗari ne, kuma ba na sanduƙi ba ne yanzu. Na hajjin bana ne, an riga an ambaci sunan Batulu a kansu a gaban jama'a. Nan da kwana ashirin da biyar za a kai su Gadarif a biya mata jirgi."

"Allah gafarta Malam, kwana ashirin sun ishe ni. Yanka uku, shanya goma sha biyu, kakkaɓa da kai kasuwa biyar."

"In ruwan ƙarshe bai sauka a kan dammunan ba. In ƙwaro bai tsotse su ba. Ni amana aka ba ni, ba ni da ikon sa ta a bakin hadari." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Amma mai abu tana da iko da abinta. Tashi mu je. Ni dai ba zan roƙa maka ba."

Inna Batulu ta haura saba'in. A goye aka fito da ita daga ƙasar Hausa, mahaifinta yana nufin Makka. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Rahad, ya ce bari ya yi noman shekara ɗaya ya ci gaba, shekarar nan ta zama talatin, a nan aka binne shi. Shekara goma sha ɗaya tana jiran layinta a sanduƙi. Suka same ta a inuwar rumfa, zaune a kan gadon igiya, tana ɗinke bakin farin mayafin da za ta tafi da shi.

Mudi ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a ƙasa. Ta ajiye allura.

"Ɗan Cindo, ka san shekaruna?"

"Na sani, Inna."

"Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da na sani, bara ina iya zuwa kogi da ƙafata, bana ba na iyawa. In jirgin nan ya tafi ba ni, kana jin akwai wani jirgin?"

Ta dube shi ta daɗe, sa'an nan ta tambaye shi nawa Harisu ya yanka. Da ta ji biyar sai ta yi salati. Ta tambaya ko har da gona, ya ce har da gona. Ta juya wajen Malam kamar mai shirin cewa a ɗauko kuɗin. Mudi ya lura da haka, ya ga kuma inuwar rumfa ta soma karkata, sai gaggawa ta kwashe shi, ya yi abin da ya ɗauka ladabi ne.

"Inna, wallahi ba zan mayar miki da ɗari kawai ba. Zan ɗora miki buhu biyu, ki ƙara guzuri."

Malam Sharu ya sunkuyar da kai yana istigfari. Inna Batulu ta janye ƙafafunta, ta ɗauki mayafin daga cinyarta ta ajiye can gefe, kamar mai tsoron wani abu ya fantsamar masa.

"Malam, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Rancen da aka shardanta masa ƙari ya tashi daga taimako ya koma riba, ko da buhu aka kira shi, ko da guzuri."

"Shekara goma sha ɗaya ina tsare kuɗin da nake zubawa a sanduƙi daga ƙazanta," in ji Inna. "Ko goron biki ban bari ya raɓe su ba. Yau kai za ka zo ka sa in tsaya a Arfa da abin da wuta za ta ci? Da ni da Harisu mene ne bambancinmu, in ban da shi yana da kanti? Tashi ka ba ni wuri."

"Inna, ban nufi..."

"Na ce tashi!"

Ya fita. A ƙofar gida ya tsaya riƙe da igiyar jaki. Ya dubi rana. In ya tashi yanzu zai iske Harisu da Husaini duka kafin la'asar. In ya ƙara jinkiri, ko buhu shidan da Harisu zai bar masa ba zai samu ba. Ya sa ƙafa zai hau, ya sauke. Ya sake kama igiyar. Daga ciki yana jin muryarsu ƙasa-ƙasa, ba ya fahimtar kome. Ladan ya kira azahar, bai motsa ba, har sai da Malam ya leƙo.

"Komo."

Inna ba ta dube shi ba. "Malam ya ce jahilci ne da ruɗewa, ba mugun nufi ba. Na karɓa. Maganar farko ta mutu, ka janye ta da bakinka."

"Na janye, Inna. Na tuba ga Allah."

"To ga sabuwa. Ɗari na ba ka, ɗari za ka kawo, ranar ashirin da uku daga yau. Kafin nan kada in ga ko ƙwayar riɗi daga gidanka. Kada ka gyara mini danga, kada ka ɗebo mini ruwa."

"Kunun da Atika take aiko miki fa?" Atika ita ce matar Mudi.

Inna ta dubi Malam. Malam ya ce abin da aka saba tun kafin bashi babu laifi a cikinsa.

"To kunu ya ci gaba," in ji ta, "amma kada ta ƙara masa sukari."

Aka kira mutum biyu daga masallaci suka shaida, Malam ya rubuta kamar yadda aka umarci masu bashi su yi. Mudi ya yi sallah, ya hau jaki, bai tausaya masa ba a hanya. Ya iso tasha lori yana tsaye, mutane sun fara jefa ƙunshinsu a ciki.

"Husaini! Ga kuɗi!"

Husaini ya ƙirga, ya ɗaga kai. "Ɗari da bakwai. Na ce da ashirin."

"Iyakarsu ke nan."

Direba ya danna ƙaho. Husaini ya dubi lori, ya dubi kuɗin, ya yi tsaki. "Mutum goma sha biyu. Abin da suka iya, shi ke nan."

Kwana uku suna yanka, Mudi da Atika suna cikinsu tun daga asuba har duhu ya hana. Ba su kai gefen gabas ba sai a rana ta huɗu, su biyu kaɗai, suka tarar mafi yawansa ya zube. Aka tsayar da dammuna su bushe. A kwana na tara hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, Mudi ya tsaya a tsakiyar gona yana addu'a har iska ta kore shi kudu, bayan ya ɗan yayyafa. Da aka kakkaɓe, buhu ashirin da biyar aka samu.

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif riɗi ya yi yawa, farashi ya faɗi zuwa tara. Dillali ya ja shi gefe.

"Ya zol, bawan Allah, ka ajiye kayanka kwana ashirin. Wallahi zai kai sha uku. Wa yake korarka?"

Mudi ya san gaskiya ya faɗa. Ya san kuma ran nan ita ce ta ashirin da biyu.

"A auna," in ji shi.

Washegari da hantsi ya ajiye jine ɗari a gaban Malam Sharu da shaidun nan biyu. Inna Batulu ta sa aka ƙirga sau biyu, ta tabbata babu ragi kuma babu ƙari. Bayan mako ɗaya jama'a suka raka ta tashar Hawata, aka ɗaga ta aka sa a jirgi, tana ta faɗa wa mata yadda za su kula mata da awaki.

Abin da ya rage wa Mudi, bayan kuɗin buhuna da na lori, bai kai ya sake rufin ɗaki ba kamar yadda ya yi niyya. Ya dai sayi dawar da za ta kai gidansa damina, ya ware irin shuka, ya zuba jine uku a sanduƙi. Gonar kuwa tana nan da sunansa. Allah Shi ne mafi sanin abin da ya fi alheri ga bayinSa.