Cinyar Rago Don Kifin Shak

Mijina ya rasu ranar Talata da hantsi a asibiti nan Greensboro, a Amurka. In ban da kalmar shahada, maganar ƙarshe da ya yi mini ta kifi ce.

Sunansa Salissou, amma shekara ashirin da biyu ban taɓa kiransa da shi ba, Baban Oumaima nake cewa. Mu mutanen Damagaram ne. Shi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito a Wendover, ni ina kitso a gida. Bai iya ruwa ba ko kaɗan.

Wata shekara aka yi ƙuri'ar kyauta a wurin aikinsu, sunansa ya fito na ɗaya. Kyautar ita ce a kai mutum bakin teku, tafiyar awa huɗu a mota, a hau da shi jirgin ruwa, a sa shi cikin kejin ƙarfe, a zura shi cikin ruwa ya kalli kifin shak, ƙaton kifin nan mai cizon mutane. Na tambaye shi abin da na biyu ya samu. Ya ce tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Na ce ya je ya roƙi a yi musanya. Ya ce kunya yake ji, ya tafi.

Da ya dawo na ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa, ya zauna yana kallon kwanon.

"Lafiya? Ya cije ka ne?"

"Ramlatou, kin san yadda suke kiransa? Jini da hanjin kifi suke zubawa a ruwa, ƙamshin ya je masa can nesa. Sai su ɗaure kan wani ƙaton kifi a igiya su jefa. In ya buɗe baki zai kama, sai a fizge, don ya gitta gaban keji mutane su ɗauki hoto. Da na fito daga ruwan suka miƙa mini igiyar. Ni na ja. Sau uku."

"To, sai me?"

"Sai ya ɗago ya kalle ni. Mun kira shi da abinci, ya bar abin da yake yi ya zo, ni kuma na janye masa kwano. A gidan ubana ko kare ba a yi wa haka ba."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Ita ce dariyar da nake nadama a yau.

Da layya ta zo muka je gonar da muke yanka a McLeansville. Ya ware cinya guda, ya naɗe ta da leda uku, ya rubuta a jiki: na baƙo. Ya sa ta a ƙasan firiza, ya ce in ya samu hutu zai kai wa kifin. Hutun bai samu ba, sai ciwon ya zo.

Ranar Talatar nan ya kama hannuna ya ce, "Cinyar nan, Ramlatou. Hakkin kifin nan yana kaina. Yana da tabo a kumatun hagu, kamar tsagar Gobirawa." Na jira ya ce wani abu a kaina ko a kan 'yarmu. Bai ƙara ba.

Ranar sadakar arba'in na aika aka kira mini Malam Hassoumi, wanda yake jan mu salla. Ya tsaya bakin ƙofar ɗaki na faɗa masa duka. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Bon. Hajiya, dabba tana da hakki, wannan babu musu. Amma ni na teku ban taɓa samun tambayarsa ba. Kifin ya yi magana?"

"Kallo ya yi, Malam."

"Kallo ma magana ce. In an samu mai hakki a ba shi. In ba a same shi ba, a ba danginsa."

Maƙwabciyata Perpetua, 'yar Jos, tana gefe tana ƙulla waina a leda don rabo. Ta ce, "Ai akwai shak a garin nan, a gidan gilashin da ake kai yara kallon kifi. Wataƙila 'yan uwansa ne." Muka sa Oumaima ta buga waya. Suka ce nasu ba daga can suke ba, kuma ba sa karɓar abincin waje.

Oumaima shekararta sha tara, tana jami'a. Ina mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Ta ce, "Mama, ba shi abinci ya fi hana shi muni. In ya ci daga jirgi, zai koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake. Sai ya matso bakin ruwa inda yara suke wanka. In ya ciji wani, a kashe shi."

"To don me ake kiransa tun farko?"

"Shi ma ba daidai ba ne."

"Ubanki yana kwance da hakkin kifi a wuyansa, ke kina karanta mini abin da ke cikin waya."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Amma ita ta nemo mana lambar jirgin a cikin takardunsa.

Wata huɗu da kwana goma ina takaba, cinyar tana firiza. Kullum na buɗe ɗaukar nama sai na ga rubutun hannunsa. Washegarin fitata Perpetua ta kawo motarta da sassafe. Muka sa cinyar a kula, kular ta ƙi shiga but ɗin motar, muka zaunar da ita a kujerar baya muka ɗaura mata bel.

A hanya Perpetua ta ce, "Maman Oumaima, in ya ƙi ci fa? Kin san ba ki sa yaji ba."

"Ke dai tuƙa."

"Ni a cocinmu na ce zan raka ki ta'aziyya. Ban faɗi wa za a yi wa ba."

Mai jirgin wata Baturiya ce doguwa, rana ta ƙone mata fuska. Ta tuna da shi. Ta ce shi kaɗai ne ya taɓa shiga kejinta ya yi wa kifi sallama. Da Perpetua ta fassara mata abin da ya kawo mu, ta cire hula, ta yi mini gaisuwa da kyau, sannan ta ce cinyar ba za ta hau jirginta ba. A nan kira ake yi, ba a ciyarwa. Ta faɗi abin da Oumaima ta faɗa, kusan kalma da kalma.

Na ce wa Perpetua, "Tambaye ta, in ta je gidan biki aka nuna mata tuwo aka ɗauke, za ta ce an yi mata adalci?"

Matar ta ce in ba ta zuba jini ba babu kifin da zai zo, in babu kifi babu masu kallo, kuma masu kallon nan su ne suke hana a kashe shi. Ban gane yadda yunwarsa take tsare masa rai ba, amma na ga ta yarda da maganarta. Muka bar kular a mota, na hau jirgin hannu wofi.

Kejin ban shiga ba. Na zauna a kan benci da hijabina, sun ɗaura mini rigar iyo mai ruwan lemo a sama. Turawa shida suka shiga ruwa. Aka zuba jinin, warinsa kamar mahauta da azahar. Muka jira kusan awa guda. Sai wani abu mai toka-toka ya taso daga ƙasa, ya fi motar Perpetua tsawo, bai ko girgiza ruwan ba.

Mai jirgin ta jefa kan kifin da ke ɗaure a igiya, ta fizge. Ta sake jefawa, ta fizge. Sai ta dube ni da tausayi, ta miƙo mini igiyar, ta ce in riƙe inda mijina ya riƙe. Ta nuna mini da hannu: in ya zo, ki ja.

Na riƙe. A nan na gane Baban Oumaima ya yi kuskure. Ba a taɓa yi wa kifin nan alkawarin rago ba. Abin da aka nuna masa shi ne wannan kan da ke lilo a ruwa.

Ya juyo, ya buɗe baki. Na ce, "Bismillah, daga Salissou." Wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina. Na buɗe hannuwana.

Ya tafi da kan, da igiyar, da wata ƙwaryar roba da ke ɗaure a jikinta. Mai jirgin ta yi ta ihu. Perpetua ta ce, "Wannan ba zan fassara ba." Aka fito da Turawan, aka juya jirgi, aka ce kada mu sake zuwa.

A mota Perpetua ta tambaye ni ko na ga tabon. Na ce ta gefen dama ya zo.

Da na faɗa wa Malam Hassoumi sai ya ce, "Ko shi ne ko ɗan uwansa, ta isa. An sauke wa mamaci." Sannan ya ce, "Amma maganar yarinyar nan ita ma gaskiya ce. In ya saba, ya taɓa wani, wannan a kan wanda ya saki igiya yake."

Na ce na sani, tun a jirgi na sani. Gara a kaina. Ni ina da sauran numfashin neman gafara, shi ba shi da shi.

Cinyar mun dafa ta ranar Juma'a, aka raba wa gidajen benenmu har da masu gyaran famfo. Ledar da ya yi rubutu a kai na wanke na ajiye. Na sa Oumaima ta saita mini waya ta riƙa ƙara in an yi labarin shak a wannan gaɓar. Ran nan ta yi ƙara ina tsakiyar kitso, na saki kan matar na ruga. Wani shak ne aka gani kusa da inda ake wanka, bai taɓa kowa ba. Na sa Oumaima ta ƙara girman hoton har ya dushe. Ta gefen dama aka ɗauke shi.