Matar da Malam Gaiya Ya Ɗora wa Gammo

Shekara ashirin da huɗu Malam Gaiya ya yi yana koyar da Turanci a Minna, kuma a cikinsu ya karanta wasiƙa zuwa ga kawu mazaunin Legas ta fi dubu uku. Kowace shekara 'yan aji biyar na sakandare za su haddace wasiƙar daga wajen 'yan aji shida, su juye ta a takarda har da kuskuren layi na uku, wanda aka gada tun Malam Gaiya yana da gashi a tsakar kai. In kuwa ka ce wa ɗayansu ya faɗi abin da ya karya da shi da Turanci, sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da akuyar mutane.

Da ya cika hamsin da biyu, sai ya ga in bai gyara abin nan yanzu ba, fansho ce za ta gyara shi. Ya zauna a dogon hutu, a falonsa na Ketaren Gwari, ya tsara sabuwar manhaja. Maimakon yau nahawu, gobe wasiƙa, jibi taƙaita labari, kowanne yana gudun ɗan'uwansa, sai a ɗauki jigo ɗaya a yi sati biyu a kansa. Karatu a kansa, nahawu daga cikinsa, muhawara da rubutu duk a kansa. Jigo shida ya zaɓa na zango guda, na farko kasuwa, kuma kowanne ya rubuta masa labarin auna fahimta da hannunsa.

Matarsa Sara ta leƙo wata rana da rana ta same shi ya baje takardu har kan kujerar baƙi.

"Baban Hope, wannan kasuwar da kake ta rubutawa, yaushe rabonka da ita?"

"Marubuci da zuciya yake gani," in ji shi.

"To zuciyar ta sayo mana tumatir in ta je."

Da aka koma makaranta, ya kai wa Malam Ndatsu, mataimakin shugaba mai kula da karatu, wanda ba a sauya ko waƙafi a jadawali sai da sa hannunsa. Malam Ndatsu ya auna takardun a tafin hannu kamar mai tayin kaza.

"Malam Gaiya, jarrabawa ba ta san jigo ba. Ita dai wasiƙa ta sani, da taƙaitawa."

"Yallaɓai, yaran ma ba su san wasiƙar ba. Haddarta suka sani."

"Haddar tana fitar da wasu."

"Tana fitar da su bebaye."

Malam Ndatsu ya yanke hukunci. Ranar Laraba zai shigo ya kalli darasi ɗaya. In ya gamsu, zai sa hannu a gwada zango guda. In bai gamsu ba, a koma littafi babi-babi, kuma kada ya sake jin kalmar jigo har ɗayansu ya yi ritaya.

Ranar Laraba Malam Gaiya ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ajin ya cika, mutum sittin da ɗoriya, Malam Ndatsu ya ja kujera can baya da jan biro a hannu. Aka raba labarin. Labari ne na wata Bagwariya daga wani ƙauye a bayan Bosso, wadda ta yi sammako ta naɗa gammo, ta ɗora daron doya a ka, ta nufi kasuwa wuyanta a miƙe kamar rimi. Wannan jimla a kan wuyan matar ita ce abin alfaharinsa. Kwana biyu ya yi yana goge ta.

Ya karanta da murya mai kyau. Da ya iso wurin gammo, sai wata 'yar dariya ta taso daga layin taga. Da ya iso wuyan, dariyar ta kama rabin aji.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Magdalina ce, doguwa mai shekara goma sha takwas, wadda bai san muryarta ba sai a amsa kiran rajista.

"Sa, wannan mata ba Gbagyi ba ne," ta ce da Hausarta ta kasuwa, tana kiran Gwarawa da sunan da suke kiran kansu. "Mu ba mu ɗauka kaya a kai. A kafaɗa ne."

Nan take Malam Gaiya ya gan su. Kowace safiya ta Allah yana wuce su a cikin keke mai ƙafa uku, jerin mata a gefen titi, kowacce da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, ta ɗan karkata kai gefe, doya ko itace a tule har ya fi ta tsawo. Shekara ashirin da huɗu. A unguwar da ke ɗauke da sunansu yake kwana. Ya kalli baya, ya ga jan biro ya fara tafiya.

An ce wanzami ba ya son jarfa, kuma hanyar kuɓuta tana nan a buɗe. Abin da zai yi kawai shi ne ya ce wannan ba darasin al'ada ba ne, a amsa tambaya ta ɗaya. Har ya buɗe baki. Sai ya tuna doka ta farko a shafin farko na manhajar, wadda shi ya rubuta har ya ja mata layi biyu: duk mai ƙorafi a kan labari a bar shi ya yi, amma da Turanci.

"Na ji, Magdalina. Maimaita min da Turanci. Ki kuma gaya min dalili."

Ta tsaya kamar an dasa ta. Ta faɗi kalma biyu, ta tsaya, ta koma farko. Ta tambayi yadda ake cewa kafaɗa, ya rubuta a allo. Ta sake ɗaukowa. Turancin yana tafe yana ɗingishi, amma ya isa inda za shi: kai shi ne sarkin jiki, shi ke yi wa mutum tunani, ba a ɗora wa sarki kaya. Kakarta ta ce wanda ya danne kansa da doya kada ya yi mamaki in tunaninsa ya zama sakwara.

Kafin dariya ta lafa, Aishat, wata Banufiya mai bakin tsiya, ta miƙe ba tare da ɗaga hannu ba.

"To mu da muke ɗauka a ka ba mu da hankali ke nan?"

"Da Turanci," in ji Malam Gaiya.

Ta juya shi da Turanci, da ƙari. Ta ce ita ta zo ta uku a lissafi da kan da take ɗaukar ruwa da shi. Magdalina ta ce da ba ta ɗora masa bokiti ba da ta zo ta ɗaya. Daga nan aji ya rabu biyu. Wannan ya tambayi kalmar raini, wancan ta ƙashin wuya, wata ta ce yaya ake cewa gado. Malam Gaiya ya zama magatakarda, yana rubutu har alli ya ƙare ya ari na ajin maƙwabta. Tambayoyi biyar da ya tanada a ƙasan labarin, ko ɗaya ba a taɓa ba har aka kaɗa ƙararrawa.

A ofis Malam Ndatsu ya rufe ƙofa.

"Da gangan ka sa kuskuren nan don su yi magana?"

Tambayar ta zo kamar ruwan sanyi a tsakar rana. Kalma ɗaya ce, ya ce e, sai ya fita da sa hannu da mutuncinsa. Amma akwai sauran labari biyar a cikin jakar, kuma bai san matan da ya ɗora wa gammo a cikinsu ba.

"A'a, Yallaɓai. Jahilci ne tsagwaronsa."

"Sauran biyar ɗin a ina ka rubuta su?"

"A falo."

"Har na gona?"

"Rabona da fartanya tun ina yaro a Zonkwa."

Malam Ndatsu ya ajiye biro. "Na ji Turanci a ajin nan yau, ba zan ɓoye ba. Amma ba na sa hannu a kan ƙarya, ko da ta iya nahawu. Kana da zuwa Litinin."

Malam Gaiya bai tsaya gyaran labaran ba. Cire su ya yi gaba ɗaya, duk shidan, har da jimlar wuya. Ya sake ginin daga tushe. Ranar farko ta kowane jigo, ɗalibai su tafi gida da tambaya uku su yi wa iyaye da maƙwabta. Rana ta biyu su kawo abin da suka samo, a haɗa labarin a allo, su riƙe gaskiyar magana, shi ya riƙe Turancin. Daga cikin labarin za a ciro nahawun satin. Saboda Malam Ndatsu da jarrabawarsa, kowane jigo zai ƙare da taƙaitawa ɗaya da rubutu ɗaya, a kan ƙa'idar jarrabawa da lokacinta.

Ranar Asabar ya bi Sara kasuwa riƙe da ɗan littafi. A layin 'yan doya ya tsaya yana kallon yadda ake sauke ƙwarya daga kafaɗa, har wata tsohuwa ta tambayi Sara ko mijin nata ɗan haraji ne. Sara ta ce a'a, malami ne, ya zo koyo. Tsohuwar ta ce to ya matsa, yana tare mata ciniki.

Litinin da safe Malam Ndatsu ya karanta sabon tsarin shafi-shafi, bai yi sauri ba. Ya soke sati biyun jigon wayar salula ya mayar da shi ɗaya, ya ce ba zai zauna yara su yi sati biyu suna koya wa malami abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ya ƙara awa ɗaya ta taƙaitawa. Sannan ya sa hannu.

"Zango ɗaya, Malam Gaiya. Ɗaya. Kuma ranar da za a haɗa labarin jigon ruwa ka aiko a kira ni. Ubana masunci ne. Ba zan zauna a ofis ka kifar mana da kwalekwale ba."

Malam Gaiya ya karɓi takardunsa ya nufi aji. A bakin ƙofa Magdalina ta miƙa masa shafi ɗaya da rabi da ta rubuta a kan yadda mamarta ke kai doya kasuwa, ba wanda ya sa ta. Yana tsaye ya ƙirga kuskure goma sha tara. Ya ce ta je ta kwafe shi a allo yadda yake, kowa ya fito da biro, da shi za a fara.