Bizar Asta a Ofishin Bunsuru

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a zaure, sai ga ni a mafarki ina ciniki da bunsuru. Shi ne babban jami'in biza na wata ƙasa, da hularsa da tabarau, yana zaune a kan tebur, kujerarsa tana tsaye tana yi masa fifita.

Maganar matata ce, Asta, mutuniyar Garwa ta Kamaru. Shekara talatin da ɗaya muna tare, amma ya ce in ba a tabbatar auren na gaskiya ba ne, kafin magariba za a mayar da ita ƙasarsu. Na miƙa masa takardar rajistar aurenmu. Ya cinye ta, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Na ce, "Yallaɓai, mu yi haka. Ka yi mata tambaya ɗaya. In ta ci, ka buga hatimi. In ta faɗi, ka kore mu tare."

Ya miƙo kofato muka tafa.

Sai ga mu a layi. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Wata 'yar gayu ce a gabanmu. Aka tambaye ta sunan mijinta, ta zubo shi har da na kakansa da lambar takalminsa. Bunsuru ya gyaɗa kai. Ni kuwa na san halin Asta. Tun da aka kawo ta gidana bakinta bai taɓa furta sunana ba. Ko maƙwabcinmu mai suna irin nawa, "mai shagon nan" take ce masa.

Ban ankara ba ofishin ya koma saman mangwaro, muna zaune a reshe.

Bunsuru ya ce, "Hajiya, ya sunan mijinki?"

Ta ja mayafi. "Ga shi nan ai, ku tambaye shi."

"Ke aka tambaya."

"Baban yara."

Na raɗa mata, "Haladu! Ki ce Haladu, don girman Allah, yau kaɗai!"

"Da girmana? A gaban akuya?"

"Garwa fa za su kai ki!"

"Su kai ni. Ka biyo ni ka tambayi inda na ajiye maganin hawan jininka."

Bunsuru ya cire tabarau ya share ƙwalla. Ya ce waccan 'yar gayun a mota ta haddace sunan, wannan kuwa zama ta yi. Ya buga mata hatimi a mayafi. Sannan ya juyo gare ni ya ce a dokarsu, sunan da ya shekara talatin ba a kira shi a gida ba ya zama na gwamnati. Aka ɗure sunana a buhu aka wuce da shi sito.

Murfin tukunya ne ya faɗi a tsakar gida na farka. Asta tana cewa, "Malam, tashi, an kira la'asar."

Na zauna na duba cinikin da kyau. Ita ta samu zama, ni na tsira da matata. Gwamnati ce aka cuta, an ba ta sunan da a gidan nan dama ba a aiki da shi.