Ranar da Auta Ya Shiga Rediyo

Tun da safe Yaya ta yi wa Baba wanka, ta aske masa gemu, ta saka masa farar rigar nan mai maɓalli da ba ya sawa sai za a je asibiti. Ta turo shi a kekensa na marasa lafiya zuwa falo, ta gyara masa matashi a ɓangaren da ya shanye. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi magana ta ƙaurace masa, 'yan kalmomin da suka rage ma ita kaɗai ke gane su. Mama ta daɗe da rasuwa, don haka Yaya ce ta ajiye aikinta na kantin magani ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta.

Ranar kuwa ta farin ciki ce. Auta, ƙaninta, mai aikin haɗa fenti a wani shago, ya fitar da littafinsa na farko, labarin wata duniya da ya ƙirƙira, kuma gidan rediyo ya yi hira da shi. Babu wanda Yaya ba ta gaya wa ba a layinsu, har mai kwasar shara. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarta, ta shigo da hannu duk kumfar wanki ta samu wuri ta zauna.

"Baba, ɗanka ne fa za a saka," in ji Yaya, tana ƙara sautin rediyon. "Ka buɗe kunne da kyau."

Mai gabatar da shirin mace ce mai saurin dariya. Ta tambayi Auta yadda aka yi mai haɗa fenti ya zama marubuci. Ya ce a bayan shago yake rubutu, a kan murfin bokiti, duk lokacin da ciniki ya yi sanyi. Ya ce wata rana ya yi kuskuren haɗa wani shuɗi, ya tsaya yana kallonsa yana juyawa a cikin bokiti, nan ya fara ganin kogin da ke gudu zuwa sama, wanda ya ratsa littafin gaba ɗaya. Tsuntsun da ke ɗinke gajimare kuma, ya ce, daga bakin marigayiya Mama ya ji shi, tana wanke-wanke tana ba shi labari cikin raɗa.

"Allah sarki Mama," in ji Yaya. Ta share ido da gefen mayafi.

"To mu zo kan mugun nan," in ji mai gabatarwa. "Sarkin da ke bi gida-gida yana zare muryoyin yara yana zubawa a tulu. Ni dai ya hana ni sakat. A ina ka samo shi?"

Auta ya yi 'yar dariya.

"Ban je da nisa ba. Babana ne."

Yaya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska.

"A gidanmu ba a dariya da ƙarfi," muryar Auta ta ci gaba. "Ba a waƙa, ba a gudu, ko cokali ya faɗi sai gaban kowa ya faɗi tare da shi. Na tashi ina jin kamar akwai wani abu a ɗakin can da ke cin sauti. Da na zauna rubuta mugu, ban sha wahala ba."

Ta yi wuf za ta kashe rediyon. Baba ya cafke wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, riƙon da ba ta san yana da sauran ƙarfinsa ba. Idonsa na kan rediyon, gefen bakinsa na rawa.

"Yana raye?" in ji mai gabatarwa.

"Yana raye."

"Ya san shi ne a ciki?"

"Ba na jin ya sani."

Maman 'Yan Biyu ta miƙe a hankali ta ce ta bar famfo a buɗe. Ko kallon Yaya ba ta iya yi ba.

Da aka gama shirin Baba ya sake ta. Shatin yatsunsa ya fito a hannunta. Ta ba shi ruwa ya kawar da kai. Ta kira wayar Auta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta san ba kai tsaye aka yi hirar ba, yana shago kenan. Ta leƙa ta katanga ta roƙi Maman 'Yan Biyu ta dawo ta zauna da Baba, ta zura takalmi ta fita, ko ƙofa ba ta ja ba.

A cikin mota ta yi ta haɗa maganganun da za ta faɗa masa, tana warwarewa tana sake haɗawa, har matar da ke kusa da ita ta matsa gefe.

Ta tarar da shi a bayan kanta, sanye da rigar aiki duk ɗigon fenti, injin girgiza gwangwani na ta ƙara a bayansa. Wani mutum na tsaye da katin launuka yana zaɓa. Auta na ganinta ya washe baki.

"Yaya! Kun ji?"

"Mun ji. Kashe wannan abin."

Ya kashe injin. Murmushin ya tafi.

"Mun ji, ni da maƙwabta, da shi wanda ka ce bai sani ba. Na saka masa farar riga, Auta. Na aske shi, na zaunar da shi gaban rediyo kamar ango, don ya ji ɗansa ya kira shi dodo a kunnen duniya."

"Ban ce dodo ba."

"Au, gyara za ka yi mini? Ka mayar da shi mai zare muryar yara, mutumin da yau ko ruwa ba ya iya roƙa da bakinsa! Ba ka ji kunya ba? Ka san me ya sa ake shiru a gidanmu ko ka manta? Kwana yake a tsaye gaban wutar gidan burodi, ya dawo da safe ido jajir, gashin hannunsa duk a ƙone. Barcin rana kaɗai gare shi. Da wannan barcin ka yi makaranta, da shi ka koyi baƙin da kake zaginsa da shi. Wannan ba ka faɗa wa matar ba, ko? Ba zai yi daɗin ji ba."

Mai katin launuka ya ajiye katin ya zame. Mai shago, wani dattijo mai tabarau, ya leƙo daga ofis ya ce, "Baiwar Allah, a yi haƙuri, a shiga daga ciki mana."

"Shi a ciki ya yi tasa? A rediyo ya yi. Ni ma a nan zan yi tawa."

Dattijon ya mayar da kansa ya rufe ƙofa.

Auta ya cire safar hannunsa ya jefar kan kanta. Fuskarsa ta canza, ita ma ba ta taɓa ganinta haka ba.

"Kin gama? To zo ta nan ɓangaren ki maimaita, don rabin abin da kika faɗa ban ji ba. Kin san wannan kunnen ba ya ji."

"Kowa ya sani. Zazzaɓi ne ya taɓa shi kana ƙarami."

"Zazzaɓi." Ya yi dariyar da babu daɗi a cikinta. "Haka Mama ta ce a faɗa. Kina makaranta ranar. Waƙa nake yi a tsakar gida, waƙar banza ta yara, ina buga gwangwani. Baba ya fito daga ɗaki ko riga babu. Mari ɗaya ya yi mini, na farka na ga Mama na goge mini jini a wuya. Tun ranar ban sake jin komai ta nan ba."



"Ƙarya kake yi," in ji Yaya, amma muryarta ta sauka.

"Ki tambaye shi. Kai dai yana iya gyaɗawa."

"To me ya hana ka gaya mini? Ni ba 'yar'uwarka ba ce? Sai ka tsallake ni ka je ka gaya wa wata mai dariya kamar an yi mata cakulkuli?"

"Na gaya miki. Da kika dawo na biyo ki har bakin ƙofa ina kuka. Kin san me kika ce? Kika ɗora yatsa a baki kika ce, yi shiru, Baba na barci."

Ba ta tuna ba. Abin da ya fi ƙona mata rai kenan, ba ta tuna ba, amma ta san bakinta ne, don ta faɗi wannan maganar fiye da yadda ta faɗi sunanta. Maimakon fushin ya kwanta sai ya ƙara tashi, ya rasa inda zai nufa.

"Naka ciwon na ji shi," ta ce. "Amma kai jarumin rediyo ne kawai. Ka zo sau ɗaya a wata da ledar lemo, ka tsaya bakin ƙofa kamar mai karanta mita, ka tafi. Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi, ni zan koma yanzu in same shi ya ƙi cin abinci. Ka kunna wuta ka bar ni da hayaƙi. Wallahi ba ka isa ba. Cire rigar nan. In kana da magana da shi, ka zo ka faɗa masa yana kallonka."

"Yaya, ina aiki."

"Ni ma da ina da aiki."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar ofis. Ya cire rigar.

Suka kamo hanyar gida. Da suka shiga, Maman 'Yan Biyu ta ce ko loma ɗaya bai karɓa ba, ta fice da sauri. Baba na nan inda aka bar shi, kofin ruwa a kan ɗan teburin da ke gabansa.

Auta ya durƙusa. "Baba, ina wuni."

Baba ya zuba masa ido.

"Ga shi nan," in ji Yaya. "Faɗa masa."

Mutumin da ya cika rediyo da zance ɗazu, yanzu da ƙyar maganar ke fita. "Baba, abin da na faɗa, ban faɗa don in tozarta ka ba. Amma ba ƙarya na yi ba. Kunnen nan, kai ka san..."

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Nan take Auta ya kauce, ya kare kansa da gwiwar hannu. Ƙato da shi, mai gemu, a gaban tsohon da ko tsayuwa ba ya iya yi. Yaya ta ga wannan kaucewar, ta san ba ta buƙatar tambayar kowa komai.

Hannun bai nufi Auta ba. Kofin ya make, ya faɗi ya fashe, ruwa ya malale a ƙasa. Baba ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, har kalmar ta fito a karye.

"Ga... ji. Na... gaji."

Auta ya dubi Yaya don ta fassara masa. Ba ta fassara ba. Ta zagayo ta tsaya gaban keken.

"Ka gaji. Na sani, Baba, ni na fi kowa sani, yanzun nan na gama faɗa a kanka a gaban mutane. To ni ma na gaji. Bayana kamar zai tsinke, rabona da barcin kirki na manta. Na taɓa ɗaga maka hannu? Yaro ne fa! Waƙa yake yi! Kuma kuka bar ni ina ta yawo da zancen zazzaɓi, ina hana shi kuka don kada ya tashe ka."

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ta. Baba ya runtse ido. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ya shanye, inda ba ya iya sharewa. Ta ga hawayen, hannunta ya motsa don sabo, ta riƙe shi.

Ta shiga ciki ta fito da tawul da tsintsiya ta dangwara wa Auta.

"Share masa fuska. Ka kwashe fasassun nan kada a taka. Abincinsa na kan murhu, a hankali ake ba shi, ta gefen hagu. Ku biyun ku ƙarata, na gaji da tsayawa a tsakaninku."

Ta shige ɗakinta ta murɗa makulli. Ta zauna bakin gado tana huci, tana jin ƙarar tsintsiya, daga baya ta ji ƙarar cokali a kwano. Ba ta fito ba sai da rana ta yi sanyi.

Baba bai taɓa neman gafara ba, ko da hannu. Auta ma bai janye ko kalma ɗaya ba, da aka sake gayyatarsa wata hira ya maimaita abinsa, sai dai wannan karon ya ambaci gidan burodi. Amma ya koma zuwa duk bayan kwana biyu in ya tashi daga shago, ya koyi ɗaga tsohon ba tare da ya fama masa kafaɗa ba. Yawanci ba sa ce wa juna komai.

Sai bayan wasu makonni Yaya ta samu sukunin buɗe littafin. Tana tsakiyar karatu ta ci karo da wata mai gadin ƙofar sarki, doguwa mai ɗaurin ɗankwali a karkace, wadda ke tare yara tana cewa su taka a hankali. Ta ajiye littafin ta ɗauki waya.

"Kai, Auta. Wace ce wannan mai gadin?"

"Yaya, ki karanta har ƙarshe tukuna."

"Ɗankwalina ne a karkace? Don ubanka, ni za ka saka a littafi?"

"Uban namu ɗaya ne dai. Ki kai ƙarshe, ita ce ke fasa tulun."

"Ko me za ta fasa, ba ka tambaye ni ba. Kuma gobe ka zo da wuri, za a kai shi asibiti."

Ta kashe wayar tun bai amsa ba.