Darasin Gobara

Ni dai aikina a watan Yuni bai wuce in zauna a kicin ɗin mutane, in sha kofi, in sa hannu ba. Tun da na ajiye alli na bar makarantar gwamnati, iyayen da suke koyar da 'ya'yansu a gida ni suke kira. Dokar jiharmu ta Pennsylvania ce ta ce a ƙarshen kowace shekara sai malami mai takarda ya duba fayil ɗin yaro, ya yi hira da yaron, sannan ya rubuta wa ofishin ilimi cewa karatu yana tafiya. Na ga fayil iri-iri. Akwai wanda ya sha miya, akwai wanda kare ya ci gefensa, akwai wanda kana buɗewa ka san jiya-jiya aka zauna aka cika shi da biro ɗaya. Amma irin na Charlene, matar ƙanena Dwight, ban taɓa gani ba, kuma ba yabonta nake yi ba.

'Yarsu ɗaya tak, Keturah, muna ce mata Turah. Tun tana 'yar mitsitsiya Charlene ta ajiye aikinta na asibiti ta mayar da teburin kicin aji. Dwight bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi tun farko: idan yarinyar ta cika shekara sha uku, ita za ta zaɓa da bakinta, ko ta ci gaba a gida ko ta shiga motar makaranta kamar 'ya'yan maƙwabta. Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar, kuma ranar da zan zo dubawa ita ce ranar da za ta faɗa. Charlene tana son yarinyar ta zauna, so ba na wasa ba. Ta taɓa ce min a waya, "Yaya Verna, in ta tafi ban san me zan yi da safiyata ba." Na ce ta yi barci, kamar sauran mutane. Ba ta yi dariya ba.

Matan da suke wannan harka suna haɗuwa ran Juma'a a ɗakin ƙasa na cocinmu, kuma magana ɗaya suke koya wa duk sabuwar shiga: komai karatu ne. Yaro ya auna fulawa, a rubuta lissafi. An je cire haƙori, a rubuta kiwon lafiya. An tsaya a layi a gidan waya, a rubuta sanin ƙasa. Yawancinsu dabara ce kawai ta cika takarda, su ma sun sani, suna yi suna ƙyalƙyala dariya. Charlene kuwa sai ta ɗauki abin da gaske. Littafinta na kullum a ɗaure yake da zare a jikin firji, biro a maƙale, kuma ba a yin motsi a gidan nan bai shiga ciki ba.

Wata rana da kaka na je karɓar tumatir, na tarar Turah tana ba mu labarin yadda bunsurun maƙwabci ya kori fasto har cikin motarsa. Tana yi tana kwaikwayon gudun faston, ni har da riƙe ciki. Ban ankara ba sai na ga hannun Charlene ya tafi firji.

"Mama, don Allah kar ki rubuta."

"Layi ɗaya ne fa. Iya ba da labari da baki, ai yana cikin darasin Turanci."

"To shi ke nan, na fasa."

Na ce, "Ke Charlene, wata rana yarinyar nan za ta yi atishawa ki rubuta kimiyya."

"Ai kuwa kimiyya ce, Yaya," in ji ta, kuma ta rubuta layinta.

Turah ba ta ƙarasa labarin ba, har yau ban san yadda faston ya ƙare ba. Ta ɗauki bokiti ta tafi wajen awakinta. Can ne kawai take sakewa, don uwar ba ta son warin wurin, ba ta cika leƙawa ba. Akwai wata akuya ja mai suna Marigold da Turah ta yi rainonta da madarar kwalba tun da uwar akuyar ta ƙi ta, ita ce 'yar gaban goshi.

To, a cikin abubuwan da doka ta lissafa akwai koyar da yaro haɗarin gobara da yadda ake kiyaye ta. Kowace shekara matan Juma'a sukan kwashi yara su kai su ofishin 'yan kwana-kwana, a hau mota, a sa hula, a ɗauki hoto, gurbi ya cika. A wannan shekarar Turah tana kwance da mura ranar da aka je. Tun daga nan Charlene ta hana ni sakat. Duk wayar da za mu yi sai ta sako shi: gurbin gobara babu komai.

Na ce, "Ki nuna mata tukunyar kashe wuta da ke bayan ƙofa, ki rubuta layi biyu, a wuce wurin. Wa zai bi ki?"

"A'a, Yaya. Ni ba na aikin ganin ido. In zan rubuta, sai abin da ta koya da gaske."

A watan Maris, ana tsakiyar wani sanyi mai shiga ƙashi, Marigold ta haifi tagwaye. Turah da kanta ta rataye musu fitilar ɗumi a ɗakin awaki, irin jar fitilar nan da kowa yake sa wa jariran dabbobi. Da rana tsaka, suna zaune a tebur suna lissafi, Charlene ta ɗaga kai ta ga hayaƙi ta taga. Fitilar ce ta faɗo cikin busasshiyar ciyawa. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, ɗakin katako ne tsoho, ya gama ci. Sauran awakin suna waje, sun tsira. Marigold da 'ya'yanta biyu suna ciki a kulle saboda sanyi.

Dwight ya kira ni, na zo. Na tarar da su a ƙasan kicin, a kan leda, Charlene ta rungume yarinyar tana jijjiga ta kamar jaririya. Turah tana magana cikin kuka, ba na jin abin da take cewa, uwar kuma tana ta maimaita mata, "Ba laifinki ba ne, 'yata. Faɗa min, ina jin ki. Ba laifinki ba ne." Na tsaya a bakin ƙofa, tausayinsu ya kama ni, ni da ban cika tausayi ba. Na ce a raina, ashe dai akwai uwa a cikin matar nan. Na dafa musu shayi na koma gida.

Bayan wannan sai suka shaƙu fiye da da. Turah ta daina gudu daga kicin. Tare suke zuwa kasuwa, tare suke shuka wake, har na gan su a coci tana jingine da kafaɗar uwar, abin da rabona da gani tun tana ƙarama. A watan Mayu ta ja ni gefe bayan sujada ta ce, "Goggo, ina jin a gida zan zauna. Kar ki faɗa wa Mama tukuna." Ban faɗa ba, amma Charlene ba makauniya ba ce. Har ta fara sayen littattafan baɗi.

Ranar dubawa na iso da hantsi. Charlene ta gasa kek ɗin tuffa, ta shimfiɗa sabon ƙyallen tebur. Dwight ya baro gona ya zo ya zauna da hularsa a gwiwa, yana warin man tarakta. Turah tana gefena ta yi tsaf. Fayil ɗin kuwa, tabɗi, sai da hannu biyu na ɗaga shi. Kowane fanni da launin takardarsa.

Na yi abin da na saba. Na sa yarinyar ta karanta min shafi ɗaya, na tambaye ta littafin da ya fi mata daɗi, ta nuna min taswirar da ta zana. Lafiya lau, ta fi 'yan ajinta na gwamnati nesa ba kusa ba. Ina bin jerin fannoni ina yi musu alama, har na zo ƙasa, na tambaya kamar yadda nake tambayar kowa, ko kaina ban ɗaga ba.

"Gobara fa?"

"An cika!" in ji Charlene, da murnarta. "Kin ce in yi layi biyu, ko? To duba nan."

Ita da kanta ta jawo fayil ɗin, ta buɗe wurin jar takarda, ta juyo shi gabanmu ni da Turah. Ba ɓoyewa ta yi ba, alfahari take yi.

A sama ta rubuta kwanan wata, da fanni: kiyaye gobara, darasi a aikace. Ƙasa da shi hoton ɗakin awakin ne ya zama gawayi. Sai wani hoton, Turah a tsaye cikin dusar ƙanƙara, wani ɗan kwana-kwana ya lulluɓa mata rigarsa, bakinta a buɗe. Sannan rubutun Charlene mai kyau, a jere, ƙarƙashin kan magana wai tattaunawa bayan darasi. Ɗaliba ta bayyana cewa da igiya ta rataye fitilar maimakon sarƙa. Ɗaliba ta ce ta jiyo kukan akuyar kuma ta kasa buɗe ƙofar saboda zafi. Ɗaliba ta ce da ma ita ce a ciki. A ƙarshe, ɗaliba ta fahimci haɗarin fitilar ɗumi kusa da ciyawa.

Na so in rufe, amma yarinyar ta riga ni ɗora hannu a kan shafin. Ta karanta har ƙasa, a hankali, leɓenta yana motsi. Ba ta yi kuka ba.

"Yaushe kika rubuta wannan, Mama?"

"Ranar mana. Da kika shiga wanka, don kar in manta."

"Wato lokacin da kike riƙe da ni kina cewa in faɗa miki, haddacewa kike yi?"

"Haba Turah, wace irin magana ce wannan? Da zuciya ɗaya na riƙe ki." Murmushin bai gama barin fuskarta ba, don har lokacin ba ta gane ba. "Abin ya riga ya faru, ba ni na jawo shi ba. Na ga tunda ya faru, kar ya tafi a banza. Kuma kin koya, ko ba ki koya ba?"

"Kai, Charlene," in ji Dwight a hankali. Iyakar abin da ya iya cewa ke nan, ƙanena ba mai baki ba ne.

Ni kam raina ya ɓaci, amma ba shari'a aka kira ni in yi ba. Turah ta juya wajen ubanta.

"Baba, ka ce yau zan faɗa."

"Ba dole sai yau ba, 'yar Baba. Ki bari ki huce."

"A huce nake. Makaranta zan je."

Sai a lokacin murmushin Charlene ya ɗauke. "Makaranta? Turah, me za su koya miki a can da ban koya miki ba? Tambayi goggonki, kin fi su. Yara talatin a ɗaki ɗaya, malamar ko sunanki ba za ta riƙe ba!"

"Na sani, Mama. Amma a can ana tashi. A kaɗa ƙararrawa, in dawo gida, in faɗi magana ta zama magana kawai."

Charlene ta dube ni, wai ko zan taimaka. Na mayar da idona kan fayil. Ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai yana murza hula. Sai ta fashe da kuka, irin na wanda ya gane abu bayan an gama, ta kai hannu ta damƙi jar takardar za ta fizge ta daga fayil ɗin.

"Zan yaga shi. Yanzu zan yaga shi, ki gani da idonki. Kamar ban taɓa rubutawa ba."

Turah ta dafe shafin da tafin hannunta. Ba da faɗa ba, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Bar shi, Mama. In kin yaga gurbin zai koma babu komai, kuma ba mu da wata gobarar."

Ta tashi ta ɗauki bokitinta ta fita wajen awakin da suka rage. Charlene tana zaune da hannu a kan takardar, ba ta yaga ba, ba ta saki ba. Na ciro takardar ofishin ilimi daga jakata na sa hannu, domin duk abin da doka ta nema yana cikin fayil ɗin nan.